Casting Crowns: daga ina mawaƙansu suka samo kiɗa?

Rifkatu: 'Yan'uwa, salama. Kiɗan Casting Crowns, ƙungiyar mawaƙan Kirista ta Amurka, ya yi kama da rok, amma ana jin gogen Turawa da ɗanɗanon kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka, a ciki. Mene ne asalin hakan?

Bitrus: 'Yar'uwa, daga coci suka fito. Mark Hall faston matasa ne, a 1999 ya haɗa ƙungiyar a Daytona Beach, jihar Florida ta Amurka, don jagorantar sujadar matasa. Daga baya suka koma McDonough a Jojiya. A wancan lokacin Melodee DeVevo ce mai goge, mijinta Juan na kaɗa jita, Megan Garrett kuma na kan fiyano. Kantirin da kika ji, ina ganin hannun Mark Miller ne, mawaƙin ƙungiyar kantiri ta Sawyer Brown. Shi ya ɗauke su a kamfaninsa Beach Street Records, kuma shi da mawaƙin bishara Steven Curtis Chapman suka tsara faifansu na farko a 2003.

Ishaku: Haka ne. Sai dai haɗa goge da jitar lantarki akwai wuya, domin muryoyinsu na haɗuwa a wuri ɗaya, jita ta danne goge. Maganinsa, jita ta riƙe sautin ƙasa da amshi, goge ya ja dogon sauti a sama, ya shigo inda mawaƙi ya numfasa. Kuma kada a kafa wa goge makirufo kusa da lasifika, sauti zai yi ta tsuwa. A maƙala masa na'urar ɗaukar sauti a jikinsa.

Rifkatu: Na gode, Malam Ishaku. Fiyano fa?

Ishaku: Hannun hagun mai fiyano ya sassauta, ya bar wa jitar bes, mai kaurin sauti, ƙasan.