Hasumiyar Kuala Lumpur: ta sadarwa ce ko ta duban wata?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ke karatu a Maleshiya ya turo mini hoton wata doguwar hasumiya mai ƙaton kai, ya ce can ake hawa duban jinjirin watan azumi. Ni kuwa da na ƙura wa hoton ido, eriya nake gani a samanta irin ta gidan talabijin. Don Allah wanda ya san ta ya fayyace mini, don me aka gina ta tun asali?

Injiniya Sabo:
Wa'alaikumus salam Ɗan Fagge. Kai da ƙanenka duk kun yi daidai. Sunanta Menara Kuala Lumpur, kuma don sadarwa aka gina ta, wato watsa shirye-shiryen rediyo da talabijin da inganta layukan tarho. An fara aikin a 1991, aka gama a 1995, Firayim Minista Mahathir Mohamad ya buɗe ta a 1996. Tsayinta har tsinin eriya mita 421.

Shekara huɗu na yi a garin, kullum ina hango ta daga tagar ɗakina. Abin da ya fi burge ni shi ne wurin da aka zaɓa mata. A kan tudun Bukit Nanas take, tsakiyar wani tsohon daji da aka killace tun 1906. Saƙon rediyo da talabijin ba ya son abin da zai tare masa hanya, gari kuma ya cika da dogayen benaye, sai aka ɗora doguwar hasumiya a kan tudu don ta leƙa kan kowa. Shi ya sa daga wasu unguwanni za ka rantse ta fi tagwayen benayen Petronas tsawo, alhali su mita 452 ne.

Akwai wata tsohuwar bishiya da suke kira jelutong a gefen ginin, ta haura shekara ɗari. Maimakon a sare ta, sai aka yi mata katangar kariya lokacin haƙa harsashi. Ranar da na tsaya a gindinta na daɗe ina tunanin kukoki da tsamiyoyin da aka tumɓuke a garuruwanmu don a shimfiɗa titi.

Kan hasumiyar kuma an kwaikwayo shi ne daga gasing, abin wasansu na gargajiya da ake murzawa ya yi ta juyi, kamar yadda muke yi da katantanwa muna yara.

Maman Ilham:
Injiniya, ka tsallake wurin da ya fi tsaya mini a rai. Mun je da maigidana, tun a ƙofar shiga na ɗaga kai na kasa saukewa. Rufin an yi masa ado da gilashi gida-gida kamar saƙar zuma, yana ta walƙiya. Muƙarnas ake ce wa wannan zayyana, kuma magina daga Isfahan ta ƙasar Iran ne suka yi ta. Sai ka ji kamar masallaci ka shiga.

Batun wata gaskiya ne, Malam Ɗan Fagge. Tana cikin wuraren da hukuma ta ware don duban watan azumi da na sallah. Sai dai su suna haɗa duba da lissafin falaki, daga baya mai riƙe da hatimin sarakunan ƙasar ya fito a talabijin ya sanar.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri, Injiniya da Hajiya. To kowa na iya hawa, ko sai ma'aikata?

Injiniya Sabo:
Kowa, in ka sayi tikiti. Lifta za ta kai ka wurin kallo a mita 276, sama da shi kaɗan akwai gidan abinci mai juyawa a hankali. Ka ce wa ƙanenka ya je da safe, don da yamma hadari kan rufe garin.