Shawarwari Kan Sayen Kayan Ɗaga Motar Shiga Daji

A wata tattaunawa kan kayan da ake sa wa mota don ƙara mata tsayi daga ƙasa, mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa ɗaga Hilux da inci 2, kusan milimita 50, ya wadatar, domin idan aka zarce haka, sandunan da ke juya tayoyin gaba kan karkace su lalace da wuri. Sun ce a zaɓi sifirin daidai da nauyin da motar ke ɗauka kullum. Wanda ya sa mai tauri alhali bayanta wayam, zai sha jijjiga a kan gargada. An yaba wa kayan Old Man Emu na Ostireliya da Bilstein na Jamus, amma a kiyayi jabu. Bayan haɗawa, lallai a kai motar a daidaita tayoyinta.