Inshorar lafiya a Amurka: ta kasuwar gwamnati zan saya ko in je wajen kamfani kai tsaye?

Baƙon Houston:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ku taimaka min da shawara kaina ya ɗaure. Sati biyar kenan da na bar aikin sito da nake yi na koma tuƙin Uber, inshorar da suke ba mu ta yanke tun ranar da na ajiye aiki. Ina da hawan jini, madam na da ciki wata huɗu, ga yara biyu. Na shiga HealthCare.gov, shafin kasuwar inshora ta gwamnati, sun cika ni da tambayoyi, nawa za ka samu a shekara, kawo takardar kaza, na gaji na rufe. Sai jiya wani dillali ya bugo min waya wai zai haɗa ni da kamfani kai tsaye dala 180 a wata mu duka gidan, babu cike-cike. Ni dai abin ya yi min araha da yawa har na fara tsoro. Wai meye bambancin ne, ba duk inshora ɗaya ba ce?

Maman Twins, Maryland:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin komai duba kalanda. Wanda inshorar wurin aikinsa ta yanke kwana 60 kawai gare shi ya yi rajista, kai ka riga ka cinye 35, in ka bari ya wuce sai ka jira 1 ga Nuwamba lokacin da ake buɗe wa kowa, ita kuma ba za ta fara aiki ba sai Janairu, kafin nan matarka ta haihu. To ka ga.

Wannan na dala 180 ɗin kuwa ka tambaye shi abu biyu ya rubuto maka a rubuce, ya shafi haihuwa? ya shafi ciwon da mutum ke da shi tun kafin ya shiga? Ina kyautata zaton irin na wucin gadin nan ne da ba sa ƙarƙashin dokar inshorar lafiya da ake kira Obamacare, su suna da damar cewa hawan jininka tsohon ciwo ne ba ruwansu, haihuwa kuma galibi ba sa ko kallonta. Tun da dokar ta kankama a 2014 duk inshorar da ke bin ta dole ta ɗauke ka da ciwonka ba tare da ƙarin kuɗi ba, dole kuma ta haɗa da awon ciki da haihuwa da magani da kwanciya asibiti. Araha ba ta ado ƙanina, haihuwa a ƙasar nan ba inshora bashi ne na shekaru.

Ɗan Bronx:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara shi ne tallafin gwamnati na rage kuɗin wata a kasuwar gwamnatin kaɗai ake samunsa, ko da kamfani ɗaya ne tsari ɗaya, in ka bi ta bayan gida ka saya a hannunsu ko sisi ba za a rage maka ba. Tambayoyin da suka gundure ka ɗin nan su ne kuɗin ai. Kuma tunda kai direba ne ba duk abin da ya shigo asusunka za ka rubuta ba, sai ka cire kuɗin hidimar mota, ribar ita ce samunka. Tsare-tsaren mataki-mataki ne, akwai Bronze akwai Silver da sauransu. In samun bai wuce kashi 250 na layin talauci ba, wato ninki biyu da rabi na ma'aunin talauci da gwamnati ta sa, ka zaɓi Silver, don a kan Silver kaɗai suke rage kuɗin nan da sai ka fara biya daga aljihunka kafin inshora ta sa hannu. Mutanenmu da yawa Bronze suke rugawa saboda na wata kaɗan ne, ranar da aka kwantar da mutum sai ya ga dubbai a kansa.

Amma fa kar ka yi wayon rage samu. Ni na yi, ba da gangan ba ma, shekarar aiki ya buɗe min na manta ban koma na gyara ba, lokacin haraji aka aiko min da takardar 1095-A mai nuna tallafin da na karɓa, mai yi min lissafi ya cike fom ɗin haraji na 8962 sai ga shi wai in mayar da wani abu daga tallafin, kuɗin da na sa rai zan yi tikitin Kano da shi kenan ya tafi haha. Duk sanda samunka ya canza shiga ka gyara.

Alhaji na Columbus:
To ni bari in ɗan saɓa muku kaɗan. Shekara da shekaru kai tsaye nake saya kuma ban yi nadama ba. Ba duk na kai tsaye ne na bogi ba, kamfanoni na sayar da masu bin dokar sak a shafinsu, wani lokacin ma da tsarin da babu shi a kasuwar gwamnati, ni likitan zuciyata a irin wannan kaɗai na same shi. Ni da mai ɗakina samunmu ya haura inda ake ba da tallafi, to me zai kai ni in yi ta tura takardu? Har Silver na taɓa samu ya fi na kasuwa sauƙi. Sannan akwai 'yan'uwanmu da takardun zamansu ba su daidaita ba, su kasuwar ba ta sayar musu sam, kai tsaye ne hanyarsu. Amma kai Malam da iyali huɗu na biyar na hanya ga tuƙin Uber, gaskiya ba layina kake ba, bi maganar Hajiya. Ko ta ina ka saya dai ka bugi asibitin da madam ke awo ka tambaya suna karɓar wannan tsarin, sunan tsarin za ka faɗa musu ba sunan kamfani kawai ba.

Maman Twins, Maryland:
Na manta ban faɗa ba, Texas ɗinku ba su faɗaɗa Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ba irin namu na nan, kai da wuya ka samu, amma yara da mai ciki dokarsu daban ce, fom ɗin nan ɗaya da ka rufe shi zai duba ko sun cancanci Medicaid ko CHIP, wato inshorar gwamnati ta yara, ya tura sunansu jiha. Kuma akwai masu taya cikewa kyauta, a shafin za ka sa lambar unguwarku ya nuna maka na kusa.

Baƙon Houston:
Allah ya saka da alheri Hajiya, Alhaji na gode, Ɗan Bronx Allah ya mayar da kuɗin tikiti. Na tura wa dillalin tambayoyin nan biyu tun azahar, ya karanta shiru har yanzu. Gobe in na sauke yara makaranta zan zauna in cike. Tambaya ɗaya ta rage, kuɗin da na samu a sito daga Janairu zuwa sanda na bari shi ma zan haɗa a lissafin ko na Uber kaɗai?

Ɗan Bronx:
Haɗa duka, na shekarar gaba ɗaya suke so, da na madam in tana aiki.