Kaburburan duwatsu na Turai: saiti ne ko dace?

Malam Nasiru: Ana cewa waɗanda suka gina manyan kaburburan duwatsu a Turai, tun ba a san ƙarfe ba, da rana da wata suka saita su. Ni na yarda. Ku dubi Newgrange a ƙasar Ailan, gefen kogin Boyne. An gina shi wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ma girmi dalar Giza. Lungun shigarsa mita 19 ne, saman ƙofar kuma akwai 'yar taga. Wajen 21 ga Disamba, lokacin da dare ya fi tsawo, rana na fitowa haskenta zai bi ta tagar ya ratsa lungun har ƙuryar ɗaki, ya yi kamar minti 17 ya janye. Wannan ne za a kira dace?

Hajiya Bilkisu: Malam, wa ya fara ganin hasken a zamaninmu? Michael O'Kelly, masanin tona kayan tarihi, a 1967. Wa ya tona wurin ya sake gina gabansa? Shi ɗin ne dai. A Ailan ɗin ma akwai masu cewa gyaran ya taɓa tagar.

Malam Nasiru: Haba Hajiya, ai tarar da tagar ya yi, har da tsohon zane a dutsen samanta. Ga kuma kabarin Maeshowe a tsibiran Orkney na Sikotilan, inda hasken faɗuwar rana ke shiga a daidai wannan lokaci na shekara. Can ma O'Kelly ne?

Usman: Malam, da izininka. Kaburburan nan dubbai ne, kuma kowace ƙofa dole ta fuskanci wani gefe. Mafitar rana tana kai-komo tsakanin kudu da arewa cikin shekara, don haka yawancin ƙofofin da ke kallon gabas rana za ta leƙa su wata ranar. An tsamo biyu da suka yi daidai, an yi gum da sauran.

Injiniya Aminu: Ƙanena, ba a yi gum ba, an ƙirga. Michael Hoskin, masanin tarihin ilimin falaki, ya auna kaburbura 177 masu fasali ɗaya a yankin Alentejo na Fotugal da kewayensa, ko ɗaya bai fita daga tsakanin inda rana ke fitowa ba. Dace ba ya yin sahu haka. Inda na rabu da Malam shi ne batun wata. Alexander Thom, injiniya ne ɗan Sikotilan, ya ce tsayayyun duwatsun can wurin duban wata ne, har suna bin zagayensa na shekara 18.6, wanda a cikinsa iyakar mafitarsa ke faɗaɗa ta kuma ƙuntata. Da Clive Ruggles, mai nazarin falakin mutanen da, ya koma ya sake awo a wurare kusan 300, ya tsara ƙa'idar zaɓensu tun kafin ya ɗauki ma'auni, wannan tsananin daidaiton sai ya watse. Kai-komon da rana ke yi a shekara, wata yana yin sa cikin kwana 27 da ɗoriya. Duk inda ka nuna a tsakanin nan zai bi ta wurin.

Baba Sule: 'Ya'yana, kun cakuɗa abu biyu. Ku je maƙabartarmu, kowane kabari a jere yake, mamaci na fuskantar alƙibla. Da gangan ne, amma masu haƙar ba masana falaki ba ne. Mutum zai iya kafa turke inda ya ga rana ta fito, ya ja igiya, ya yi gini, ba tare da lissafin ko sisi ba.

Malam Nasiru: Baba, sai ya san ranar da za a kafa turken. A kwanakin nan mafitar rana kamar ta tsaya cak take. Wanda ya gane haka ya daɗe yana lura.

Usman: Tsayawar ai ita ta sauƙaƙa aikin, Malam. Ko ya kuskure da kwana uku, hasken zai shiga.

Hajiya Bilkisu: To wata fa, Malam? Kawo mana kabari ɗaya da wata ke shiga kamar yadda rana ke shiga Newgrange.

Malam Nasiru: Bari a fito masallaci, Hajiya.