Mai karɓar tallafi ya je yawon Sallah: a cire sunansa?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Ina da shawara kafin a rufe jerin gidajen da asusun unguwarmu zai ba hatsi a wannan zagayen. Duk gidan da ke karɓar tallafi, na gwamnati ne ko namu, idan aka gan su suna yawon Sallah da sababbin ɗinkuna, ko suna cin bashi don abin da ba dole ba, a cire sunansu a sa wasu. Mai kuɗin shaƙatawa ba mabuƙaci ba ne. Akwai wadda sunanta ke sama a jerinmu, na gan ta washegarin Sallah a Wildlife Park, gidan namun dajin nan na Jos, da yara biyar, kowa fes da sabon kaya. Ba zan kama suna ba.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Yaya, ai ka gama kamawa, duk wanda ya zauna layinmu ya san wa kake nufi. To kai me ya kai ka wurin?

Baban Khalifa: Nawa yaran na kai, kuma da gumina.

Maman Ilham: Tunda an fito da maganar fili, bari in faɗi abin da ido bai nuna maka ba. Ka lura kayan yaran duk iri ɗaya ne? Yadi ɗaya ne ƙanin marigayi mijinta ya aiko daga Bauchi, tela ya yayyanka, har ƙaramar sai da aka yi mata ciko da wani ƙyalle a hannun riga. Kuɗin shiga da na Keke kuwa tun kafin azumi take jefa canjin awara a gwangwanin madara. Shinkafa ta dafa a gida ta zuba a kula, zoɓo ta ɗura a gorar ruwa, don kada yaro ya ga ana sayar da abu ya fara kuka. Yaran nan tun rasuwar ubansu ba su wuce kasuwar Terminus ba. Wuni ɗaya suka ga jimina da biri, shi ne za a yanke musu masara?

Ɗan Abuja: Kafin a yi nisa, mu san girman tallafin da ake magana a kai. Wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a Oktoban 2023 naira 25,000 ne a wata, na wata uku, ga gidaje miliyan 15. Duka-duka 75,000 ke nan ga wanda ya samu ukun. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan naira miliyan 585 da aka ce a tura asusun wata mata, shirin ya tsaya cak, daga baya aka dawo da shi da sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Na zamanin Buhari 5,000 ne a wata, ana haɗa na wata biyu a ba da 10,000. Ku tuna litar fetur ba ta kai 200 ba kafin 29 ga Mayun 2023, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000, buhun shinkafa ma ya wuce 80,000 a shekarar. Wato tallafin wata uku cur bai sayi buhu ɗaya ba. Ba na ganin akwai wanda ya yi sharholiya da shi.

Baban Khalifa: Ƙanena, lissafinka daidai ne, amma ba amsata ba ce. Asusunmu ba Babban Banki ba ne. Muna da sunaye a layi da ba su samu ko tiya ba. Akwai dattijo a Gangare, makaho, jikarsa ce ke dafa masa, wani lokacin kunu kawai suke kwana da shi. Idan dole sai an zaɓa, wa ya fi cancanta, shi ko mai zuwa kallon dabbobi? Sannan ku zo shagona ku ga littafin bashi. Magi, manja, garin kwaki, omo, shafi bayan shafi. Mutum ya ce min wallahi babu, in ɗaga masa ƙafa, sati biyu in gan shi cikin ankon biki, matarsa ta sha lalle. Ni ma fa bashi nake ɗauko kayan nan a kasuwa. Idan na yi magana a ce ba ni da imani.

Maman Ilham: Ita tana cikin littafin naka?

Baban Khalifa: A'a, ba ta ciki. Gaskiya ɗaya ce.

Maman Ilham: To ka ga.

Malam na Islamiyya: Magana biyu aka cakuɗa, ya kamata a raba. Ta farko: abin da ka ba mabuƙaci, zakka ce ko sadaka, ya zama mallakinsa. Ba ka da hurumin bin sawunsa ka ga me ya saya. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Zakkar fid da kai ma ai don talaka ya yi Sallah kamar kowa ake fitar da ita. Ta biyu ita ce bashi, a nan Baban Khalifa yana da hujja. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mai hali wajen biya zalunci ne, kuma ya taɓa ƙin sallatar gawar wanda ake bi bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Amma aya ta 280 a wannan surar ta ce wanda ke cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Layya kuma, a mazhabarmu ta Malikiyya, sunna ce ga wanda ba zai buƙaci kuɗin ragon don lalurarsa ba. Duk shekara muna faɗa a mumbari, duk shekara sai ka ga magidanci a 'Yan Shanu yana roƙon dillali ya ba shi rago zuwa ƙarshen wata.

Ɗan Keke Bauchi Road: Allah gafarta Malam, kunya ce ke kai su. Kuma masu karɓar tallafi ba su ne suka fi faɗawa ba, wa ma zai ba su bashi? Mu ne masu ɗan abin yi. Wani abokin aikina a tasharmu, ana saura kwana uku Sallah yaransa ba takalmi, ya shiga irin manhajar bashin nan ta waya. Ya nemi 20,000, suka zaftare nasu tun kafin kuɗin su shigo, suka ce kwana bakwai. Ranar da ta cika bai haɗa ba, sai saƙo ya fara shiga wayoyin duk wanda ke cikin lambobinsa, da hotonsa, wai ɓarawo ne ana nemansa. Har surukinsa ya samu, har limamin masallacinsu. Ya ci na wata manhajar ya biya ta farko, ya ci ta uku ya biya ta biyu. Ƙarshe wayar ya sayar. Bai je ko'ina yawo ba fa, takalman roba ne da atamfa ɗaya.

Ɗan Abuja: Hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, ta kuma sa dole su yi rajista. Amma kullum sababbi na ɓullowa da wani suna.

Baban Khalifa: Ai ka taya ni magana ne. Wa ya aike shi? Daidai ruwa daidai tsaki.

Ɗan Keke Bauchi Road: Mu muka aike shi, Yaya. Ranar Idi yaro ya fito da tsohon kaya, yaran layi su yi masa waƙa, matan gida su ce ubansa ya gaza. Ya yi musu sabo kuma a ce ashe yana da shi yake kukan babu. Ta ina zai bi?

Maman Blessing: Bari in sa baki, don mu ma muna shan irin wannan a coci duk Disamba. Ana ba gwauruwa shinkafa daga asusun mata, sai a ji ta tafi ƙauye Kirsimeti, a fara gunaguni wai tana da kuɗin mota. Ni 'yar Pankshin ce, na san abin da tafiyar take nufi. Za ta biya kuɗin zuwa, amma za ta dawo da acca, da dawa, da ɗan buhun dankali daga gonar 'yan'uwa, abin da zai riƙe ta har Fabrairu. Yara sun ci sati biyu a tukunyar kaka, ba a hura gawayi a Jos ba. Idan ba ta je ba, shekara biyu uku dangin miji sun manta da yaran, gonar uban ma wani ya shige. Wanda bai sani ba ya ce hutu ta je.

Hajiya Ma'aji: Maman Blessing kin faɗi gaskiya. Namu masu tafiya Kano da Zariya da Babbar Sallah haka ne, da nama soyayye da ɗan hatsi suke dawowa.

Ɗan Abuja: Akwai nazarin da masu bincike na Bankin Duniya suka fitar a 2014, suka tattara binciken da aka yi kan tallafin kuɗi a ƙasashen Afirka da Asiya da Latin Amurka. Ba su ga cewa kuɗin na ƙara sayen giya da taba ba. Zargin ya fi abin yawa. Kuma abin da ke ba ni mamaki, a 2024 gwamnati ta sa naira biliyan 90 a aikin Hajji don sauƙaƙa wa maniyyata, ban ji an bi alhazai kasuwar Makka ana duba tsarabarsu ba. A 2023 an saya wa 'yan majalisa manyan motoci, surutun bai yi wata ba ya mutu. Sai mai awara ce za a ƙirga wa loma.

Baban Khalifa: Kada ka kai mu Abuja. Ba ni da ikon cire sunan sanata daga ko'ina. Kuɗin da nake sawa a asusun nan duk wata nake magana a kai, kuma ina da haƙƙin tambaya.

Hajiya Ma'aji: Kana da shi, ɗana, ba wanda ya hana ka. Amma ni ce nake shiga gidajen nan. Abin da nake dubawa shi ne mutum nawa ke ci a tukunyar, me ke shigowa, akwai mara lafiya ko babu. Na buɗe robar hatsin mai awarar nan kafin azumi, gwangwani nake ji yana kartar ƙasa. Ba zan sa yara su riƙa leƙen wanda ya yi ɗinki ba. In muka fara haka, gobe kowa zai ɓoye sabon takalmi in ya hango ni, sai mu koya wa mutane ƙarya da hannunmu. Dattijon Gangare kuwa laifinmu ne da bai shiga ba, ba laifinta ba. Ka turo min kwatancen gidan yau, zan je da kaina. Batun bashin ne ya dame ni. Ina ganin mu buɗe adashin Sallah tun daga Muharram, kowa ya zuba abin da zai iya duk Juma'a, a kwashe ana saura sati biyu. Na Babbar Sallah kuma mu haɗa watanda, saniya ɗaya a raba kashi-kashi, wanda ba shi da rago ya samu na miya ba tare da ya je wurin dillali ba.

Maman Blessing: A sa mu a adashin, namu kwasar a Disamba.

Malam na Islamiyya: Watanda dai a fahimta, nama ne na ci, kada wani ya ɗauka ya yi layya da shi.

Baban Khalifa: Adashi na yarda, zan ma fara zubi. Amma shawarata tana nan, ban janye ba. In ba a cire suna ba, to aƙalla wanda ake bi bashin abinci a unguwa kuma aka gan shi da anko, a tsallake shi zagaye ɗaya. A kaɗa ƙuri'a a kai.

Maman Ilham: Wa zai kawo shaidar bashin, kai mai shagon? Kai ne mai ƙara kai ne alƙali?

Hajiya Ma'aji: Ku bar shi haka. Taro ranar Asabar bayan la'asar a gidana, za a kaɗa. Baban Khalifa, ka zo da littafin naka, amma ni kaɗai zan duba.