Sinadarin yana bin iska kafin awa 96 ta cika, yaya zan lissafa LC50 (ƙarfin sinadarin da ke kashe rabin kifayen gwaji)?

Assalamu alaikum. Ina gwada gubar wani sinadarin narkar da fenti a kan kifin zebra bisa ƙa'idar OECD 203 (ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta gwajin guba a kan kifi): awa 96, kifi 7 a kowane tanki, matakan ƙarfin sinadarin 5, sai tankin ruwa zalla don kwatance.

Sinadarin mai saurin bin iska ne. In na kunna famfon iska, kafin awa 24 abin da ya rage a ruwan bai kai rabi ba, alhali ana so ya tsaya aƙalla kashi 80 cikin 100 na abin da aka zuba. In na kashe famfon na rufe tankunan, oksijin ya sauka ƙasa da kashi 60 cikin 100 na abin da ruwan zai iya ɗauka, kifayen su taso sama suna haki, har na tankin ruwa zalla. Daga nan ba a gane wanda guba ta kashe da wanda ya shaƙe.

Na rage yawan kifi a kowace lita, ina kuma sauya ruwa kowace awa 24. Oksijin ya ɗan gyaru, sinadarin kuwa bai fasa zurarewa ba. Na'urar ruwa mai gudana, wadda ke sabunta ruwan da sinadarin ba tsayawa, ba mu da ita.

Shin zan iya lissafa LC50 da matsakaicin ƙarfin da na auna a sabon ruwa da tsohon, sakamakon ya karɓu? Na gode.