Saudiyya ba haraji, in ji wa?

Baban Amira: Salamu alaikum 'yan aji. Shawara nake nema. Takardun aiki biyu ne a hannuna: wani asibitin kuɗi a Riyad, riyal 20,000 a wata har da gida, sai wani a Ingila, fam 60,000 a shekara. Ni dai zuciyata ta tafi Riyad, don can ba a taɓa albashin mutum, Turawa kuwa an ce kashi 40 suke yankewa. Ga Umara a kusa. Wanda ya san kan abin ya yi magana.

Sarkin Aji: Wa alaikumus salam Dakta. Wannan ai ba ta kai ga shawara ba. Inda ba haraji ya fi inda ake haraji, ko yaron firamare ya sani. Ɗauki jakarka.

Maman Khalifa: Sarkin Aji, a yi a hankali. Shekarata shida a Ingila, kuma wannan magana ta kashi 40 ita ta fi komai ruɗa mutanenmu. Ba a kan dukkan albashi ake ɗora ta ba, hawa-hawa ne. Fam 12,570 na farko ba a cire ko sisi. Daga nan zuwa 50,270 kashi 20. Abin da ya haura nan kaɗai ake yi wa kashi 40, wato a albashin Dakta fam 9,730 ne kacal zai shiga wannan hawa. Na buga: haraji 11,432, kuɗin inshorar ƙasa wajen 3,200. Duka bai kai 14,700 ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Ban sa na fansho ba, don wannan ajiyarka ce.

Sarkin Aji: To Hajiya, kwata ɗin albashi kaɗan ne? Mutum ya yi wata uku a shekara yana yi wa Sarki Charles aiki kyauta!

Na Riyad: Ku bar ni in shigo, tunda ni nake zaune a inda ake yabo. Gaskiya ne, takardar albashina ba layin haraji. Abin da aka rubuta shi ke shiga banki. Amma Dakta, yaranka nawa?

Baban Amira: Huɗu, da uwarsu.

Na Riyad: To riƙe alƙalami. Akwai kuɗin da baƙo mai aiki a kamfani ko asibitin kuɗi yake biya a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardar izinin zama. An fara shi a Yulin 2017 da riyal 100 a wata, ana ƙarawa duk shekara har ya tsaya a 400 a 2020. Mutum biyar, riyal 2,000 a wata, 24,000 a shekara. Ushirin albashinka ya tafi ke nan tun ba ka sayi shinkafa ba. Kuma ba ya bin ƙarfin aljihu: babban likita da direba kuɗi ɗaya suke biya a kan kowane yaro. Ranar da na fara zuwa sabunta iƙama na ga adadin a waya, sai da na goge gilashina na sake dubawa. Ina da maƙwabci ɗan Sudan, shekara goma sha wani abu iyalinsa na nan, wannan kuɗin ne ya sa ya mayar da su gida, yanzu shi kaɗai yake dafa taliyarsa.

Sarkin Aji: Wannan ai ba haraji ba ne, kuɗin takarda ne.

Na Riyad: Kira shi duk sunan da ka ga dama, aljihu ɗaya yake fita. Ga kuma VAT, harajin da ake ɗorawa kan sayayya, kashi 15 tun Yulin 2020, da can kashi 5 ne. Sai makaranta. Yawancinmu baƙi ta kuɗi muke kai yara, kuma ita ce ke cin mutum fiye da komai.

Maman Khalifa: A nan ne nawa harajin yake dawo mini. Yarana uku suna makarantar gwamnati, ban taɓa biyan kuɗin zango ba. Asibiti ma haka, kuma mai bizar ma'aikatan lafiya an ɗauke masa kuɗin lafiyar da sauran baƙi ke biya, fam 1,035 a shekara kan kowane babba. Amma kada in yi muku ƙarya, haya tana kashe mu, ga harajin ƙaramar hukuma a kan gida duk wata, ga kuɗin ɗumama ɗaki da hunturu. Riyad ta ba shi gida, Ingila ba ta ba shi ba. Wannan kaɗai na iya juya lissafin.

Ɗan Zariya: Kuma a tambaya wane gari ne. In Sikotilan ce, nasu daban ne, kashi 42 ke fara aiki tun mutum bai kai fam 44,000 ba.

Baban Amira: Kusa da Manchesta ne. To in na bar su a Kano na tafi Riyad ni kaɗai fa? Ba kuɗin iƙama, ba makarantar riyal.

Sarkin Aji: Yauwa! Magana ta dawo inda na ajiye ta.

Akanta: Ni ba likita ba ne, mijin 'yar ajinku ne, da wayarta nake rubutu, a yi mini afuwa. A haka kam Riyad ta yi gaba nesa, ba musu, har da kuɗin sallama da dokar ƙwadagonsu ta tanada, rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken wata bayan nan. Sai dai a duba sabuwar dokar harajin da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, mai aiki daga Janairun 2026. Mazaunin Najeriya ana bin sa haraji a kan abin da ya samu ko'ina a duniya, kuma wajen tantance mazauni ba kwana 183 kaɗai ake kallo ba, har da gidan zama da iyali da harkokin da mutum ya bari a ƙasa. Mai mata da yara da gida a Kano ya nemi masani ya karanta masa wannan sashe kafin ya ce ya tsira. Wanda ke Ingila ya riga ya biya a can, kuma akwai yarjejeniyar hana biya sau biyu tsakanin Najeriya da Birtaniya.

Sarkin Aji: Haba Akanta. Wa zai bi shi Riyad ya ƙirga masa albashi?

Akanta: Ban ce za a bi shi ba, Yallaɓai. Abin da ke rubuce na faɗa.

Na Riyad: Dakta, kafin ka sa hannu tambaye su a rubuce ko su za su ɗauki kuɗin iƙamar iyali da na makaranta. Wasu asibitocin suna yi wa manyan likitoci. In sun yarda, taho, ni zan tarbe ka a filin jirgi. In sun ƙi, ni ban ce ka zo da mutum biyar ba.

Baban Amira: Zan tura musu yau in sha Allah. Amma uwargida ta karɓi wayar ta karanta tun daga sama, ta ce a gaya wa Sarkin Aji duk lissafin da zai bar ta a Kano da yara huɗu a goge shi.